Ranin da na bi shanu saboda tumbi

Tun ina ƙarami ban iya zama wuri ɗaya ba. Ban kai ƙarshen firamare ba na gudu, Baba ya yi duka har ya gaji ya sa min ido. Na yi tallan goro, na yi facin keke, duka na bar su. Abin da na ɗan jima a kai shi ne karen mota. Shekarar da anka koma tuƙi ta hannun dama na shiga wata babbar mota mai bodin katako, muna kwasar albasa daga Gwandu muna kaiwa kudu.

Shi karen mota ba ya rasa abin kaiwa baki. Kowace tasha akwai mai tuwo da ta san ka, akwai mai tsire da zai ajiye maka kitse. Ni kuma jikin dangin Inna na ɗauko, mutane ne da ko ruwa sunka sha sai ya zauna musu. Kafin a ankara na zama wani abu. In na hau bayan mota sai direba ya ce a rage buhu ɗaya. Kuma ka tuna ba a daɗe da fita babban fari ba, mutane sun ga rama har ta ishe su. Duk wanda ya gan ni sai ya ce tubarkalla, gidan su wane akwai hatsi.

Wata rana muna lodi a Kambaza na ciccibi buhu, sai na ji wani abu ya tsage min a ciki, sama da cibiya kaɗan. Ban faɗa wa kowa ba. Bayan kwanaki wurin ya fara kumburowa kamar ƙwan zabo, in na kwanta ya koma, in na yi tari ya fito. Da ya girma ya fara murɗa ni, dole na je wurin disfensa. Ya danna, ya ce ƙaba ce, hanji ne ke leƙowa ta inda naman ciki ya yage, kuma ba ta da magani sai aiki a babban asibiti.

Na san abin da ƙaba ke yi. Akwai wani ɗan dako a tasharmu da tashi ta fito ta ƙi komawa. Kafin a samu motar da za ta kai shi birni ya cika, muna tsaye a kanshi. Don haka ban yi gardama ba. Ana gama ƙaramar salla na tafi.

Likitan wani Ba'indiye ne gajere, ba ya jin Hausa, sai wani malamin asibiti ke yi muna tafinta. Anka ɗora ni a sikeli, anka kwantar da ni. Ya kama fatar cikina da hannu biyu ya jijjiga, ya sa abin sauraro a ƙirjina ya daɗe. Ni ina ta jiran a ce ga ranar aiki.

Malamin ya ce, "Likita ya ce aikin ba shi da wuya, amma ba shi taɓa ka da wanga tumbi. Kitsen ya yi kauri, ko an ɗinke ba ya riƙewa. Kuma ƙirjinka ya yi nauyi, in an ba ka maganin kwana ana tsoron tashinka."

Na tambaya to yaya ke nan. Ya ce in je in rage, in dawo kafin ruwa ya sauka hanya ta ɓaci. In likita ya ga na ragu zai yi, in bai gani ba sai wata shekara. Ban da ɗaukar kaya, ban da jan ruwa a rijiya. In kuma ta fito ta ƙi komawa, in zo ko a kan jaki ne.

A motar komawa gida na zauna ina riƙe da ciki. Ban taɓa jin an kori mutum daga asibiti don ya ƙoshi ba.

Kuskuren farko da na yi shi ne faɗa wa Inna. Ita ba ta ji zancen ragewa ba, kalmar aiki kaɗai ta ji. Kafin la'asar unguwa ta san za a yanka cikin ɗanta. Washegari 'yan dubiya sunka fara zuwa, kuma a wurinmu ba a zuwa dubiya hannu sake. Wannan ta kawo fura da nono, waccan ta kawo farfesun kaza, dangin Baba na ruga sunka aiko da man shanu a ƙwarya. Kuma ba ajiyewa za su yi su tafi ba. Sai mace ta zauna a bakin ƙofa, ta dama da hannunta, ta miƙo maka, ta zuba maka ido har ka ga gindin ƙwarya. In ka kurɓa ka ajiye, ka ce abincin gidanta da ƙazanta ke nan, ko kana zargin ta sa maka wani abu. Magana ce da za a yi shekaru ana tuna ta.

Wadda ta fi kowa ita ce Goggo, yayar Baba, da ke aure a rugar Maruda. Da ƙafa ta zo, da ƙwarya a ka. Na yi mata bayani tiryan-tiryan, abin da likita ya ce da dalilinshi. Ta saurara har na gama.

"Wa yac ce maka ana zuwa wurin wuƙa da yunwa, ɗan nan? Ko rago za a yanka sai an kiwata shi."

Inna ta ce haba Yaya, wane irin misali ne wannan. Goggo ta ce ita dai gaskiya ta faɗa, mai jini a jika shi ke tashi. Shi baƙon likitan nan a ƙasarsu ganye suke ci, me ya sani game da jikin mutanenmu. Na sha furar. Da me zan ƙi?

Da na ga abin ba mai ƙarewa ba ne sai wata dabara ta zo min, har na ji ni mai wayo ne. Watan Shawwal muke ciki, na ɗauki Sitta Shawwal. Da na gama na zarce da Litinin da Alhamis, na ƙara da fararen kwanaki. Azumi na gaskiya nake yi, ba ƙarya ba. Na ce ai ba mai tilasta wa mai azumi ya sha fura.

Da rana kam na samu lafiya. Amma na manta da abin da kowane yaro ya sani, cewa wanda ya ciyar da mai azumi shina da lada irin tashi. Ga majinyaci, ga shi mai azumi, lada biyu a mutum ɗaya. Matan da da suke zuwa ɗai-ɗai sai sunka koma zuwa gaba ɗaya gab da magariba, kowace tana son nata ya zama na buɗa-baki. Har da waɗanda ba su taɓa gaishe ni ba. Limamin unguwarmu ya ambace ni a wa'azi, wai ga yaron da ake ganin ya lalace a bin mota, ciwo ya komo da shi ga Allah, a taimaka mishi. Na gudu gara na faɗa gidan zago. Kafin sallar layya rigar da na je asibiti da ita ta daina shigata.

A nan ne tsoro ya kama ni da gaske. In na zauna a zaure sai in ga fuskar ɗan dakon nan. Kumburin ya kai girman lemun zaƙi. Ba ni aiki, ba ni tafiya, sai zama da ci, ni da ko yini ɗaya ban iya yi a gida ba.

Wanda ya fid da ni shi ne ɗan Goggo, taubashina. Mun kusa sa'a, shi dogo ne siriri kamar sandar da yake riƙewa. Da yake ni ɗan namiji ne shi ɗan mace, a wasanmu ni ne ubangida shi bawa, kuma bai taɓa barin in huta da wannan ba. Ya zo kasuwar Gwandu sayen kanwa ya biyo ta gida, ya tarar da ni a tsakiyar ƙwarairai.

"Ranka shi daɗe, rumbun Gwandu. An ce ba ka da lafiya, ashe biki anka yi ba a gayyaci bayi ba."

Na ce ya zauna ya taimake ni. Ya zauna ya share ƙwarya biyu, shina ci ina ba shi labari. Da na kai wurin azumi ya yi dariya har ya ƙware. Sannan ya goge baki ya ce jibi za su gangara da shanu fadamar Kalgo, an gama yankan shinkafa, can za su ci rani. Ya ce a daji ba mai dubiya. In zan iya tafiya in zo, ba zai sa ni ɗaukar ko ɗan maraƙi ba.

Inna ta ƙi. Goggo ta ce wannan ɗan nata so yake ya kashe mata ɗan ƙane. Baba ne ya ce a bar shi ya tafi, dama tun da anka haife shi tafiya yake yi.

Kwanakin farko na sha wuya. Na ɗaure ciki da tsohon rawanin Baba, ina bin bayan garke, cinyoyina suna gogar juna har sunka saluɓe. Shanu ba su sauri amma ba su tsayawa. Tun hantsi har rana ta yi sanyi kana tsaye ko kana takawa, kana kore su daga lambun mutane. Taubashina shi ke riƙe da abinci. Da safe ɗan gumba da nonon da bai kai rabin ƙaramar ƙwarya ba, don da rani nono ba shi da yawa, kuma maruƙa ake bar wa. Da yamma tuwon dawa da miyar kuka wadda mai bai taɓa gani ba. In na miƙa hannu zan ƙara sai ya janye akushin da ƙafa.

"Ubangida ba ya lasar kwano gaban bawa. Ka rufa muna asiri."

Na zage shi, na zagi shanunshi, na ce gobe zan koma gida. Ya ce hanya ga ta nan, Goggo na jira da man shanu. Ban koma ba.

Abin mamaki, bayan ɗan lokaci sai na fara jin daɗin abin. Ni da zama ke kashewa, ga aikin da duk tafiya ne. Na san shanun ɗaya-ɗaya, na san wadda ke satar hanya ta shiga albasar mutane, na san bijimin da ba ya son a bi ta hagunshi. Masunta na bakin gulbi sunka san mu. In sunka ba mu kifi sai ya gasa min ba mai, shi kuma ya soya nashi a gabana don mugunta. Hakin da nake yi in na hau tudu ya ragu. Rawanin da nake ɗaure ciki da shi ya fara yin saura.

Sau ɗaya abin ya so ya ɓaci. Wata saniya ta kafe a laka wurin shan ruwa, na manta da kaina na kama wutsiya na ja. Nan take na ji ƙabar ta fito, ta yi tauri kamar dutse. Na danna ta ƙi. Zufa ta karyo min, amai ya taso. Taubashina ya bar saniyar a lakar ya zo. Ya kwantar da ni a gangaren gulbi, kai ƙasa ƙafafu sama, ya jiƙo rigarshi ya ɗora a wurin, ya ce in saki jiki in yi ta salati. Ya aiki wani masunci ya je bakin hanya ya tsai da duk motar da ya gani. Ina kwance ina kallon sama, ina cewa a raina ashe nan ne. Can sai na ji wani ƙugi a ciki, ƙululu, abin ya sulale ya koma.

Da ya ga na samu sauƙi ya tashi ya koma wurin saniyar. Yinin nan bai kira ni rumbu ba, sai washegari.

Da bazara ta kama, zafi ya yi zafi, sai damuwata ta koma wani wuri. Na ragu, wannan na sani. Amma na ragu yadda likita ke so? Shi bai faɗa min iyaka ba, ni kuma ban tambaya ba. Na shiga tambayar mutane. Duk mutumin Gwandu da na haɗu da shi a kasuwar Kalgo sai ya riƙe baki ya ce ciwo ya cinye ni, har wata ta kai wa Inna labarin wai na zama ƙashi da rai. Amma mutanen Kalgo da ba su san ni da ba, in za su kwatanta ni sai su ce mai tumbin nan na wurin Fulani. Ranar da na ji wata mai ƙosai ta faɗi haka, ban iya cin tuwon yamma ba.

Har wurin masu awon shinkafa na je, masu sikelin ƙugiya da ake ratayewa a itace. Na roƙe su su auna ni. Sunka sa ni a cikin buhu sunka rataye, yara sunka taru suna dariya, taubashina na tambaya ko akwai mai saye. Mai sikelin ya faɗi lamba. Sai da na fito daga buhun na gane ba ta da amfani, don ban san lambar da sikelin asibiti ya nuna da farko ba. Na sha kunya a banza.

Hadari ya fara haɗuwa ta gabas da yamma, shina watsewa. Taubashina ya ce lokaci ya yi. Na ce a ƙara ko kasuwa biyu, in ƙara raguwa. Ya ce in ruwa ya sauka ni da asibiti sai baɗi, kuma shi ba zai sake kwantar da ni a bakin gulbi ba, sau ɗaya ya ishe shi. Ya bar shanun a hannun ƙanenshi ya raka ni.

A layin asibiti na zauna ina ta jan ciki ina riƙe numfashi, kamar hakan zai taimaka. Ko ruwa ban sha ba tun asuba don kar ya ƙara min nauyi. Da anka kira ni, malamin nan mai tafinta ya dube ni ya sake dubawa, ya ce kai ne na Gwandu? Anka ɗora ni a sikeli. Likita ya duba katina, ya duba sikelin. Ya kama fatar cikina kamar wancan karo, ya ɗan taɓe baki. Na ce shi ke nan.

Sai ya yi magana, malamin ya ce wai in fita in zagaya ginin da sauri in dawo. Na fita. Mutumin da ya yi rani shina tare shanu daga lambu, zagaya gini wani abu ne? Na dawo ya ɗora abin sauraronshi a ƙirjina, gaba da baya. Ya tambayi abin da na yi. Malamin ya faɗa mishi shanu na bi. Ya sa anka maimaita mishi, sannan ya yi dariya, ya yi wata doguwar magana.

"Ya ce da saura, bai kai yadda ya so ba," in ji malamin. Ya tsaya ya gyara takardun hannunshi, ni kuwa kamar in shaƙe shi. "Amma ya ce wanga ya riƙe ɗinki, kuma ƙirjinka ya yi kyau ƙwarai. Za a ba ka gado yau. Kana da mai jinya?"

Na zauna a kan sikelin. Taubashina da ke laɓe a bakin ƙofa ya leƙo ya ce akwai, ga bawanshi nan.

Kafin a shirya gadon anka ce mu jira a waje. Na je gindin wata darbejiya na kwanta a ƙasa, ba tabarma, na ce bari in ɗan miƙe. Wani barci ya ɗauke ni irin wanda rabona da shi tun ranar lodin Kambaza. Azahar ta wuce ban sani ba, sai la'asar taubashina ya tashe ni da sanda, ya ce ana ta kiran mai tumbin Gwandu, shi kuma ya ce musu bai san kowa mai wannan kama ba.

Aikin kanshi ba ni da abin faɗa a kai. An sa min wani abu a hanci an ce in yi ƙirga, na farka da ƙishirwa da ɗinki. Inna da Goggo sun zo a motar albasa, direbanmu ne ya kawo su. Goggo ta tsaya a kaina ta daɗe tana kallon wuyana da ya fito, ta ce an gama da yaro, amma tun da ya tashi to alhamdu lillahi.

Taubashina bai kai ga ganin an cire zare ba. Ruwan farko ya sauka ina kwance a gadon, manoma za su fara shuka, dole a fid da shanu daga fadama kafin a yi rigima. Ya shigo da safe da sandarshi ya ce zai wuce. Na fara haɗa kalmomin godiya, ya ɗaga hannu ya ce in na yi mishi godiya to na zage shi, in bari sai na warke in zo in ɗauki sanda, akwai saniyar da ke tambayata.

Ya fita, ina jin shi a baranda shina tsokanar mai shara. Ni kuma na juya a hankali na kwanta ta gefe, ina sauraren ruwa a kan kwano.